Battar da Ba Ta Hau Bagadi Ba

Ƙa'idar ba ta da wuya. Tela ya haddace ta tun ranar da Fada, limamin cocinsu, ya tara su, su masu kai wa marasa lafiya gurasar tarayya mai tsarki a gida. Kafin a fara Misa, wato babbar sujadar coci, ka ɗauki gurasa ɗaya daga kwalin da ke ɗakin shiri, ka sa a 'yar battarka, ka ɗora battar a kan bagadi, kan farin ƙyallen da ke tsakiya. Fada zai yi addu'ar keɓewa a kanta tare da sauran. Da an tashi, ka ɗauka ka rataya a wuya, ka wuce kai tsaye gidan mara lafiya. Ba ratse, ba ciniki, ba tsayawa gaisuwa. Abin da ke ƙirjinka ya daina zama gurasa. Jikin Almasihu ne.

Ran Lahadin nan ne karonsa na farko. Ya yi duk yadda aka ce. Da aka tashi ya hau wajen bagadi, bai ga battar inda ya ajiye ta ba. Ya waiga, sai ga ta a kan ƙaramin teburin gefe, kusa da butar ruwa da tawul. Ya ce a ransa Fada ne ya matsar da ita don ya sami wuri. Ya durƙusa, ya ɗauka, ya zura a jakar wuya, ya fita ta ƙofar baya.

Rashin gaisuwar ne ya fi ba shi wahala. Mutum ne da rabin unguwa ke sanye da ɗinkinsa, sauran rabin kuma suna jiran nasu. Mai aski ya hango shi daga bakin shago.

"Tela! Yau kuma kurma ka koma? Ina wandona?"

Ya dafa ƙirji ya wuce, kunnuwansa na zafi.

Wajen Goggo za shi, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta riƙe shi tun uwarsa ta rasu yana rarrafe. Tun da ta zame a banɗaki ƙugunta ya tsage, ba ta sake taka coci ba. Wanda ke kai mata tarayya a da ya bar gari, aka manta da ita wata da watanni, ita kuwa ba mai roƙo ba ce. Gobe da safe za a yi mata aikin tiyata. Likita bai ɓoye musu ba: a shekarunta, allurar barcin ma kanta abin tsoro ce.

'Yarta Malama, wadda ke zaune da ita, ta riga ta shirya ɗakin. Ta kwashe magunguna daga kan tebur, ta shimfiɗa farin ƙyalle, ta kunna kyandir, ta jingina ɗan gicciye da bango. Goggo na zaune a kan gado, an tokare ta da matasai, ta ɗaura ɗankwalinta na zuwa coci.

"Garaje," in ji ta. Sunan da ta laƙaba masa ke nan tun yana yaro mai zubar da miya don sauri. "Kai suka aiko? Mutane sun ƙare a cocin ne?"

Ya ciro battar ya ajiye a kan ƙyallen. Nan take bakinta ya mutu. Ta sunkuyar da kai, ta haɗa hannuwa.

Ya karanta addu'o'in, muryarsa na rawa. Ya buɗe battar, ya ɗaga gurasar, 'yar fara siririya da ba ta fi maɓallin kwat faɗi ba.

"Jikin Almasihu."

"Amin."

Ta karɓa a harshe, ta rufe ido. Sai hawaye. Tela bai taɓa ganin hawayenta ba, ko ranar da aka binne mijinta. Ran nan faɗa ta yini tana yi da masu girki. Yanzu ga su suna bin layukan fuskarta, ba ta ko share ba. Malama ta juya ta fuskanci taga.

Can Goggo ta buɗe ido.

"Yanzu su yanka inda suka ga dama," in ji ta. "Na shirya."

A hanyar dawowa ya gaida kowa da kowa, har da waɗanda bai sani ba. Mai aski ma ya sami alkawarin wando.

A ɗakin shiri ya tarar da Mai Makulli, dattijuwar da ke kula da kayan coci, tana ninke rigunan Fada. Ya ajiye battar a kan kanta. Ta dube ta, ta dube shi.

"Au, taka ce? To ka riƙa kula da kayanka. Kyandir ne ya ɗiga a kan ƙyallen bagadi kafin a fara, na zo canzawa, na sauke ta na ajiye a teburin gefe. Ana waƙar fita na hango ta, na ce wa ya bar mana batta babu komai."

"Ba ki mayar da ita kan bagadi ba, Mama?"

"Mantawa na yi. Ai babu komai a ci..." Ta tsaya. Rigar da ke hannunta ta sulale ƙasa.

"Da komai," in ji Tela.

"Duk Misar tana can gefe?"

"Ke za ki faɗa min."

Ta zauna a kan akwatin kaya, ta kama haɓa. "Wayyo ni. Ka ba Goggon taka?"

"Ta haɗiye."

A waje 'yan waƙa sun fara gwajin mako, wani yana ta dukan ganga ba tsari.

"Ɗana," in ji Mai Makulli, murya ƙasa-ƙasa, "laifina ne, kuma ni zan gaya wa Fada da bakina. Amma tsohuwar nan, ka bar ta da kwanciyar hankalinta. Wa zai gaya mata? Kamanninsu ɗaya, ɗanɗanonsu ɗaya."

"Ina Fada?"

"Ya tafi cocin ƙauyuka tun da aka tashi. Sai gobe. Can waya ba ta shiga."

Tela ya leƙa cikin cocin. Bayan bagadi akwai akwatin ƙarfe da jar fitila ke ci a gefensa dare da rana. Nan ake ajiye abin da ya ragu na gurasar da aka keɓe, saboda marasa lafiya.

"Makullin wancan fa?"

"Kai ma ka san ba ya cikin nawa. Yana wajen Katekis."

Ya ce to. Ya ɗauki battar ya fita.

Gida ya nufa, amma ƙafafunsa suka kai shi shago. Ya ɗaga ƙofar rabi, ya sunkuya ya shiga. Zafi ya taru a ciki, da warin yadi sabo da man keke. Ya zauna a bakin keken ɗinki bai taɓa shi ba. Ya tashi. Ya tattara guntayen alli ya zuba a gwangwani. Ya ɗauko wandon mai aski, ya ga ya riga ya yanka, haɗawa kawai ya rage, ya mayar. Ya sake zama.

Maganar Mai Makulli ba ta da aibi. Goggo ta yi kukanta, ta sami salama, gobe za ta shiga da ƙarfin zuciya. Wa aka cuta?

Amma da bakinsa ya faɗa. Ya ɗaga abin a gaban idonta ya kira shi da sunan da ba nasa ba, ita kuma ta ce amin.

Idonsa ya faɗa kan wata rigar makaranta da ke rataye. Lokacin da yake koyon sana'a, duk abin da ya ɗinka sai ya kai wa Goggo ta gani. Ba ta taɓa duba gaban riga ba. Juya ta take yi ciki waje, ta bi ɗinkin da farce, ta ja, ta ce, "Nan fa? Ka ɗauka ba za a gani ba?" Sai ya koma ya farke da reza yana ƙunƙuni.

Ya ja ƙofar shagon ƙasa da ƙarfi har maƙwabci ya leƙo.

Katekis, mai koyar da addini a cocin, ba ya gida. Matarsa ta ce babur ya ƙi tashi, ya tura shi gareji. Garejin yana bayan kasuwa, wata rumfar kwano da ƙasarta ta yi baƙi da tsohon mai. Tela ya same shi a tsugune, ya naɗe hannun rigar Lahadi, yana koya wa makanike aikinsa. Ya ja shi gefe ya faɗa masa. Bai ja shi da nisa ba, don makaniken ya daina kwance abin da yake kwancewa.

Katekis ya goge hannu da tsumma, ya yi ajiyar zuciya.

"Ku sababbin shiga, da ku da tsofaffin hannu, za ku kashe ni. To, ba a keɓe ta ba, wannan ba gardama. Abin da bai hau bagadi ba, Fada bai yi niyyarsa ba. Amma ka saurara, Tela. Allah ba ɗan kasuwa ba ne da zai ce awo bai cika ba. Matar nan ta buɗe zuciya ta neme shi, ya kuwa gani. Akwai na kurkuku, akwai na cikin jirgin ruwa, sai su shekara ba su ga bagadi ba. Kana ce an yashe su?"

"Ban ce ba."

"To?"

"To in haka ne, me ya sa muke rataya batta muna yawo a rana? Sai kowa ya kwanta a ɗakinsa ya buɗe zuciya."

Makaniken ya ƙyalƙyale da dariya. "Ya kama ka, Katekis."

"Kai dai ka gyara babur, tun ɗazu kake lalube." Katekis ya juya ga Tela, ya daɗe yana kallonsa. "Don ba magana kaɗai Almasihu ya bar mana ba," in ji shi. "Cewa ya yi a karɓa a ci." Ya shafa aljihu, makullai suka yi ƙara. "Mu je. Da ƙafa, tunda wannan bawan Allah ya mayar min da babur gunduwa-gunduwa."

A hanya Katekis ya yi ta magana. Daf da ƙofar coci ya kama hannun Tela.

"Ba sai ka gaya mata ba. Ka ce Fada ya ce mai shiga tiyata a ƙara masa. Ta karɓi na gaske, hankalinta bai tashi ba, kowa ya huta."

"Katekis ne ke koya min ƙarya?"

"Shawara na ba ka. Kuma ka lura, a waje na ba ka ita, ba a ciki ba."

A ciki ya wanke hannu har sau biyu, baƙin man bai gama fita daga farcensa ba. Suka durƙusa. Ya buɗe akwatin, ya ɗauko guda ɗaya ya sa a battar, Tela na kallo ba ko ƙiftawa. Daga nan ba wanda ya sake cewa uffan.

Ya tarar da gidan Goggo a kulle. Maƙwabciya na shanya a baranda.

"Sun tafi asibiti! Aka bugo waya aka ce likita ya sami sarari, da yamman nan za a yi aikin, ba gobe ba. Malama ta yi ta kiranka." Ta tsaya tana kallonsa. "Lafiya? Ba ka ji ba ne?"

Ya dafa ƙirji, ya gyaɗa kai, ya juya. Wayarsa na aljihu a kashe tun safe, yadda aka koya musu.

Bas ɗin da ya samu a cike yake. Ya tsaya a tsakiya, hannu ɗaya a kan ƙarfen sama, ɗaya a kan ƙirji. Wani mai buhu ya danna masa gwiwar hannu a haƙarƙari. Wata mata na faɗa da mijinta a waya, tana lissafa masa laifin danginsa ɗaya bayan ɗaya. A mararraba motoci suka cushe, direba ya leƙa ta taga ya zagi wani har kakanninsa. Gumi ya jiƙa igiyar jakar, tana cin wuyansa. Da safe ya yi tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai a cokali, alhali gari da ruwa ne a ƙirjinsa. Yanzu ga shi da na gaske, a matse tsakanin buhu da hammatar wani.

Ya gwada maganar Katekis a ransa. Fada ya ce a ƙara miki. Ta zauna daidai a baki. Ya sake gwadawa.

Da ya ga bas ɗin ba shi da niyyar motsi, ya sauka ya ƙarasa da ƙafa, rabi tafiya rabi gudu.

Malama na zaune a benci a bakin ɗakin mata, jakar kayan uwarta a cinya. Ta ga igiyar a wuyansa, ta miƙe.

"Yaya, me kuma?"

Dole ya yi magana. Ya faɗa mata a gajarce, da raɗa. Ta saki baki, sannan ta tare ƙofar da jikinta.

"Ka haukace ne? Tun safe take waƙa. Jininta bai taɓa sauka kamar yau ba, nas ma sai da ta yi mamaki. In ka tayar mata da hankali ya hau, likita ya ɗaga aikin, wa ya san ranar da za mu sake samun wuri? Ka san yadda take kwana da ciwon nan?"

"Na sani."

"Ba ta sani ba, kuma ba za ta taɓa sani ba."

"Ni na sani."

"To don kai ne ke nan. Don kai ka sami barci za ka hana ta nata."

Ya tsaya yana kallon takalminsa da ya yi ƙura. Mai yiwuwa ma gaskiyarta ce.

"Katekis ya ce in ce mata Fada ne ya ce a ƙara," in ji shi.

Malama ta ja numfashi. "To ka faɗi hakan. Hakan kawai, Yaya. Ka yi min alkawari."

Bai yi ba, amma ta matsa daga ƙofar.

Nas ce ta tare shi a ciki, wata doguwa mai gajiya a fuska. Ta ce mara lafiyar ko ruwa ba ta sha, balle abinci daga waje. Ya ce ba abinci ba ne. Ta ce duk abin da ke bi ta maƙogwaro, a wajenta abinci ne. Ya nuna mata faɗinsa da yatsu. Ta dube shi, ta dubi igiyar, ta ce ya jira. Ta tafi wajen likitan allurar barci, ta dawo.

"Ya ce ɗan mitsitsi, kamar ƙwayar shinkafa. Ba ruwa a kai. Kuma ku yi sauri, an kusa zuwa ɗaukarta."

Goggo na gadon ƙarshe, kusa da taga. An sa mata rigar asibiti mai ɗauri ta baya da hular takarda, ga ƙarin ruwa a hannu. Ta yi ƙanƙanta a gadon. Amma fuskarta a sake take, kamar ta wadda ta gama girki ta wanke tukwane.

"Garaje. Me ka manta?"

Ya matsa bakin gadon. "Goggo, Fada ya ce..."

Ta jira. Tana jiran, hannunta ya kama bakin rigarsa, ta juya shi, tana bin ɗinkin ciki da farce. Ba ta ma san tana yi ba.

"Fada ya ce me?"

"Bai ce komai ba. Fada na ƙauye." Ya ji Malama ta ja tsaki a bayansa. "Goggo, abin da na ba ki da safe ba a keɓe shi ba. An sauke battar daga bagadi kafin a fara Misa, ni kuma ban tambaya ba, na ɗauka na taho. Ga na gaske nan na kawo."

Farcen ya tsaya. Ta saki rigar.

Fankar sama na juyawa tana ƙara. A wani gado wata na tari.

"To me na yi wa kuka?"

"Gurasa, Goggo."

"Gari da ruwa."

"Gari da ruwa."

Ta juyar da fuska ga taga. Ya ga jijiyar wuyanta na bugawa. Malama ta zagayo ta kama hannun uwarta, tana harararsa kamar za ta cinye shi.

"Da ka yi shiru, da ban sani ba," in ji Goggo, ba ta juyo ba.

"Haka ne."

"Da na shiga da daɗina."

"Haka ne."

"Jaki."

Ya karɓa. Daga can ƙarshen baranda ana jin ƙarar gado mai taya.

"Wannan fa?" in ji ta. "Ka gani da idonka, ko shi ma tsintarsa ka yi a tebur?"

"A gabana Katekis ya buɗe akwatin."

Ta juyo. Idonta a bushe.

"Ke, ba ni ɗankwalina. Ba zan karɓe shi da hular takarda ba."

"Inna, an ce kada a cire..."

"A kai za ki ɗaura."

Malama ta zaro ɗankwalin daga jaka ta ɗaura mata a kan hular. Kyandir ba a yarda da shi a ɗakin ba. Tela ya ture kofi da kwalbar magani gefe a kan ɗan teburin gado, ya shimfiɗa hankicinsa, ya ɗora battar. Matar gadon kusa, wata ramammiya da ba kowa a wajenta, ta ɗaga hannu da ƙyar ta yi alamar gicciye.

"Daga farko," in ji Goggo. "Kada ka tsallake min ko layi."

Ya fara daga farko. Masu gado mai taya suka iso suka tsaya a ƙofa. Nas ta ɗaga musu hannu su dakata. Bai tsallake komai ba. Wannan karon muryarsa ba ta yi rawa ba, gajiya ta cinye rawar. Ya buɗe battar, ya gutsuri ɗan gefe da farcen da ya saba kama zare.

"Jikin Almasihu."

"Amin."

Bakinta a bushe yake tun rana. Ya ga tana fama, maƙogwaro na hawa da sauka, har ya wuce. Ragowar, kamar yadda aka koya musu, ya sa a bakinsa. Ya bi cikin battar da yatsa don kada ɓurɓushi ya ragu, ya lashe.

Ya jira hawaye. Ba su zo ba.

"Ka ba ni babba babu komai a ciki," in ji Goggo, "na gaske kuma ka kawo min ƙwayar shinkafa."

"Duka yana ciki, Goggo."

"Ni za ka koya wa? Na san wannan tun ba ka san wando ba." Ta kalli silin. Da ta sake magana muryar ta ragu. "Ban ji komai ba, Garaje. Da safe kamar an buɗe min taga a ƙirji. Yanzu ba abin da na ji sai bushewar baki. Kuma tsoro nake ji."

"Shi ne, Goggo."

"Na san shi ne. Na tambaye ka?"

Nas ta zo ta naɗa mata abin awon jini a dantse, ta matsa, ta duba. Ta taɓe baki. Nas ta ce a ba ta ɗan lokaci, ta tsaya a wurin hannu a ƙugu. Ta sake matsawa, ta sake dubawa.

"Ya hau," in ji ta. "Amma za a iya."

Suka ɗaga Goggo zuwa gado mai taya, ta cije leɓe ba ta yi ƙara ba. Malama ta kwance ɗankwalin ta ninke. Da suka fara turawa, Goggo ta ɗaga yatsa, suka tsaya.

"Ka gaya wa matar nan ta makulli ta daina cin kanta, na san yanzu tana can tana yi. Kuma Lahadi mai zuwa ka kafa wa battar nan ido har Fada ya ɗora hannu. In ina nan, ka kawo min."

"Kina nan, Inna," in ji Malama.

"Ke yi min shiru, ba ke ce likita ba. In ba na nan," ta nuna gadon kusa da haɓa, "ga waccan. Tun da na zo ba wanda ya leƙo ta."

Aka tura ta. Malama ta bi su har ƙofar da ba a wucewa, ba ta ko kalle shi ba.

Tela ya ninke hankicin, ya mayar da kofi da kwalbar magani inda suke. Ya rufe battar ya zura a jaka. Ba komai a cikinta yanzu, don haka bakinsa ya buɗe. Ya ja kujera zuwa gadon kusa ya zauna.

"Sannu, Mama," in ji shi. "Ya jiki? Wane coci kike zuwa?"